Na'Allah, Uban Naƙasassun Lakwal

Idan ka tambayi yaran yanzu a Dakoro wane ne Na'Allah, za su ce maka wani dattijo ne mai tausayi da masana suka taɓa yabawa a Yamai. To, ni na san shi tun ba shi da rigar kirki, kuma yayata Dela ƙanensa ta aura, don haka ku bar ni in faɗi nawa.

A Ɗan Gulbi aka haife shi. Ya shigo Dakoro yana saurayi, ya kama awon hatsi a kasuwa, kuma a nan aka fara ganin irin baiwarsa. In zai saya, tiyarsa sai ta yi tozo har tana zuba. In zai sayar, babban yatsansa na kwance a cikin tiya. Kullum da carbi a hannu, kullum da sunan Allah a baki, ba ya faɗa da kowa. Mutum ne da zai cuce ka, ya rako ka har ƙofar gida, ya ce ka gaida iyali. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ƙanensa, mijin Dela, ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Bilki. Shan inna ya kama yarinyar tun tana ƙarama, ya shanye mata ƙafar hagu, ta daman ma ba wani ƙarfi. Da sanda take tafiya, tana jan jiki. Na'Allah ya kwashe su ya ajiye a wani ɗaki kusa da turken awaki, sannan ya bi gari yana sanar da mutane cewa yana riƙon marainiya.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, hukuma ta matsa a kan lakwal, wato makarantar boko. Gardi, wato dogaran hukuma, suka riƙa bi gida-gida, kowane gida a ba da yaro ɗaya. A lokacin kuwa mutanenmu gani suke wanda ya shiga lakwal an yi asararsa ke nan, ba gona, ba kiwo, ba salla. Uwaye na cusa 'ya'yansu cikin rumbu, wasu a tura su ruga wajen Fulani. Na'Allah na da ɗa namiji, Mahamadu, lafiyayye kamar maraƙi. Da ya ji gardi sun shigo unguwa, sai ya aza shi kan jaki ya tura Kornaka wajen dangin uwarsa, ya fito da Bilki zaure.

"Ga ɗiyata nan," ya ce wa gardi. "Ita Allah ya ba ni, ita ni ka badawa."

Gardi ya dubi ƙafar yarinyar, ya dubi Na'Allah. Shi yaro aka ce ya kawo, ba a ce ya duba ƙafa ba. Ya sa ta gaba.

Dabarar nan ta yi wa unguwa daɗi. Kafin kasuwa ta sake ci, Na'Allah ya zama mai ba da shawara. Wanda ke da kurma a dangi ya aika Korahane a zo da shi. Wanda ke da mai ido ɗaya ko mai farfaɗiya a gidan ɗan'uwa, nan take ya tuna ashe ɗansa ne. Wanda ba shi da ko ɗaya kuwa, Na'Allah ya san inda ake samun aro. Yaran da ba wanda ya taɓa tambayar ko sun karya kumallo, ranar nan har wanka da sabulu aka yi musu.

Malamin lakwal, Mushe Hamma (mushe shi ne malam a bakin 'yan lakwal), ya ga abin da aka tara masa ya gane sarai, amma shi ma cika aji ake nema a wurinsa, sai ya rubuta sunayensu. Kuramen ya jera su a bencin baya, ya ba su sharar fili da ɗibar ruwa. Ba abin da ya shiga kansu, don ba wanda ya san ta inda zai fara koya musu. Bilki kuwa idonta da kunnenta lafiya lau. Da yake ba ta iya guje-guje in an fita hutu, sai ta zauna a aji tana kwafar abin da ke jikin allo. Ba a daɗe ba ta fara karanta rubutun buhu da na gwangwani, duk abin da ta gani sai ta karanta, har ta ishe mu.

Wata rana ta ce mini, "Kawu, mushe ya ce in na ci jarrabawar sartafika ana ɗaukar mata koyarwa. Kuma a zamne ma ana iyawa."

Abin da ta sa a ranta ke nan, shi uwarta ma ta sa: ta kai jarrabawar ƙarshe, ta samu takardar da za ta ba ta aikin da ba ya neman ƙafa.

Ana nan, bayan 'yan shekaru, sai ga wani matashi daga Yamai, sunansa Samba, da tabarau da takalmi sau-ciki. Ya yi karatu a waje, yana kuma binciken da zai ba shi babban digiri, a kan ko ana sa yara naƙasassu a lakwal tare da sauran yara a karkara. Ya zaga garuruwa bai samu ko ɗaya ba. Da ya leƙa ajin Mushe Hamma ya ga guragu da kurame da masu ido ɗaya jere, sai da ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi wanda ya wayar da kan mutanen garin nan haka. Kowa ya nuna gidan Na'Allah, wasu na danne dariya da hannun riga.

Na'Allah ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura da nono, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo.

"Mushe," ya ce, "dut ɗiyan Allah na. Mai ƙahwa da wanda bai da ita, wa ya halicci kainai? Ni da tawa ɗiya na hwara, don kada a ce ina hwaɗin abin da ba ni aikatawa."

Samba ya rubuta kowace kalma. Ya sa aka kira Bilki, ya auna ƙafarta da igiyar awo irin ta tela, ya ɗauki hotonta Na'Allah na dafe da kanta. Bai tambaye ta ko me ta iya ba. Kuramen ma bai tambayi ko harafi ɗaya sun sani ba, shi dai ya gan su a benci, ta ishe shi.

Na tare shi a tasha ranar da zai koma. Na ce, "Mushe, ka tambayi mutumin nan ina ɗanshi lahiyayye yake."

Ya yi mini murmushin wanda ya riga ya gama rubutunsa, ya ce duk inda mutum ya yi abin kirki sai an samu mai hassada. Ya hau mota. Wallahi har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

Da binciken ya fito, abu biyu muka ji a cikinsa. Na farko, yabon mutanen Dakoro da jagoransu Na'Allah. Na biyu, shawara cewa irin yaran nan sun cancanci makaranta tasu ta musamman a babban gari, da malaman da aka horar domin su. Ranar bikin 'yancin kai aka kira Na'Allah gaban jama'a, aka naɗa shi shugaban iyayen 'yan lakwal. Ya ɗinka babbar riga, ya daina awo da kansa.

A daidai lokacin ne kuma idon mutane ya buɗe. Ɗan wani mahauci da aka kama da ƙarfi aka sa lakwal tun zamanin Nasara ya dawo gari ma'aikacin ofis, da keke da albashi, manya na gaishe shi da hannu biyu. Nan da nan waɗanda suka cusa 'ya'yansu a rumbu suka cika ƙofar Mushe Hamma. Lakwal kuwa ɗaki biyu ce. Ya ce musu ba wurin zama.

Na'Allah ya tara iyaye a gindin bishiyar lakwal, ya gyara murya.

"Jama'a, masana sun yi magana. Yaran ga marasa lahiya, zamansu nan cuta na. Mu ji tsoron Allah, mu maishe su gida su huta, har a gina musu tasu."

Duk suka amsa da "gaskiya ne". Kowa a wurin yana da ɗan da yake so a ba wa benci.

Dela ta same shi a zaure, ta durƙusa. "Yaya, shekara guda ta rage mata. Ka bari ta yi jarrabawa, don marigayi."

"Dela, ke kin hi masana sani? Lakwal ɗinta na nan tahe, da gado da likita. Haƙuri za ki yi."

Ni ma na je. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tuna mini cikin ladabi cewa ni kawu ne, ɗiya kuwa ta dangin uba ce. Aka sallami yaran, aka dawo da Mahamadu daga Kornaka, gashin baki ya fara tsiro masa, Na'Allah ya rantse shekararsa bakwai don a ɗauke shi lakwal. Makarantar musamman kuwa, ko tubali ɗaya ba a taɓa aza mata ba.

Ranar da aka koma lakwal, Bilki ba ta yarda ba. Ta yi wanka, ta ɗauki ɗan allonta na rubutu da alli, ta ja jiki har ƙofar aji. Mushe Hamma ya kasa haɗa ido da ita, ya ce ta yi haƙuri. Ta fito ta zauna a bakin shinge, sandarta a gefe, allon a cinya, tana sauraron karatun da ake yi a ciki. Na zo in maida ta gida ta ƙi tashi, sai na tsaya kusa da ita.

Can sai ga Na'Allah cikin babbar rigarsa, iyayen sababbin ɗalibai na biye da shi. Ya gan ta, ya kuma ga ana kallonsa. Ya tsaya, ya sa hannu aljihu, ya ciro kwabo ya ajiye mata a kan allon.

"Allah shi ba da lahiya," ya ce, ya wuce.

Bilki ta dubi abin da ke kan allonta, ta ɗago ta dube ni. Ba a taɓa ba ta sadaka ba sai ranar. Kafin in kai hannu in ɗauke, matar da ke bayansa ta ga abin da shugaba ya yi, ita ma ta fara kwance bakin zaninta.