Mai Shaida daga Salaga

Na je Gana a kan babur na ɗauko ƙanen mahaifina don ya ba da shaida a kan iyakar gonata. Kwana goma sha uku na yi, zuwa da dawowa. Ya ba da shaidar, na rasa rijiyata.

Gonar tana Fassi, a bakin fadama. Rijiyar tana gabashinta, da ita nake ba albasa ruwa da rani. Wata rana maƙwabcina ya tashi ya ce rijiyar da kunya tara da ke wajen duk nasa ne. Na ce ga layin gamba nan da ubana ya dasa, ita ce iyaka tun ina rarrafe. Muka je gaban dagaci. Ya ce duk waɗanda suka ga rabon gonar sun mutu, saura mutum ɗaya, Baffana, wanda ya tafi Salaga, can Gana, fataucin goro tun ba a haife ni ba. Na ce a kira shi a waya. Dagaci ya ce waya ba ta nuna ƙasa da yatsa. Ya ba ni wa'adi zuwa ruwan shuka.

Ni na kira shi.

"Baffa, ka san iyakar?"

"Ni na riƙe igiya ranar da aka raba."

"Za ka zo?"

"Ba ni da takarda, ba ni da ƙafa. Sai in ka zo ka ɗauke ni."

Ban tambaye shi inda iyakar take ba. Ban ga abin tambaya ba.

Acaɓa nake yi tsakanin Rano da Kibiya, babur ɗin ke nan gare ni. Na kai shi aka sa sabuwar taya da sarƙa. Bakaniken ya ce, "Gana? Da wannan tsohon babur? Ka bar mana wasiyya tukuna." 

Na bi ta Zariya da Kontagora, na shiga ƙasar Binin ta Kebbi. Daga nan bakina ya mutu. Masu shinge suna min Faransanci, ni ko Turanci ban iya ba. Wani ya sa na kwance kayana kaf a tsakar rana, ya shinshina ƙuliƙulina, ya cinye rabi ina tsaye, sannan ya ɗaga min hannu. A Togo tsakuwa ta kwashe ni a kwana, salansar babur ta kwanta min a sha-raɓa. Na ji ƙaurin namana. Na ɗaure da tsumma na hau. Tabon yana nan.

Na sami Baffa a zangon Salaga, a wani ɗaki da ko akuya ba zan ɗaure a ciki ba. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Kayansa a ɗaure suke tun kafin in iso: buta, carbi, da wani farin yadi a naɗe. Na ɗauka na riga ne.

Dawowar ta fi. Ba shi da takarda, dole muka riƙa bin hanyar daji. Gyangyaɗi yake a bayana, sai na ɗaure shi a ƙuguna da rawaninsa. Hannunsa na rawa, ni nake ba shi koko a baki. In fitsari ya kama shi in kwance shi, in riƙe shi, in sake ɗaurewa. A wani rafi na goya shi na tsallakar, na koma na turo babur. Duk hanya tambaya yake. Tsamiyar bakin kasuwar Kibiya tana nan? Wa ke limanci yanzu? An cika maƙabartar yamma? Gona kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Ni kuma ina jin daɗi, na ce tsoho ya riƙe maganarsa sai gaban dagaci.

Mun iso hadari ya fara haɗuwa. Washegari aka taru a gona. Baffa ya dogara sanda ya zo kan gambar, ko kallonta bai yi ba. Ya wuce rijiya, ya yi ta shigowa cikin gonata ina ƙirga kunya. A ta tara ya tsaya.

"A tona nan."

Aka tona. Rabin dutsen niƙa ya fito.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinmu ne ya binne shi a gabana. Gambar can yayana ne ya matsar da ita, shekarar da ruwa ya yi wuya, saboda rijiyar. Na hana shi, muka ɓata. Abin da ya fitar da ni garin nan ke nan."

Dagaci ya dube ni. Me zan ce? Ni na kawo shi.

Da muka koma gida na same shi a zaure.

"Baffa, tun a waya ka sani."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa, za ka zo?"



Ya jawo farin yadin nan ya ajiye a cinya. "Shekara shida da na saye shi. Ba na so a sa min shi a Salaga. Ko so kake in yi ƙarya ga shi a hannuna?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma da ka ce min, ɗana zo ka kai ni gida in mutu."

"Za ka zo?"

Sau biyu ke nan. Na fita.

Gaskiya ya faɗa a gona, ban musa ba. Abin da ke ci na shi ne ya hau ni kamar jaki ƙasa huɗu, yana jin ina lissafin albasar baɗi, bai ce uffan ba. A tasha yanzu in na tsaya sai wani ya ce, "Na Gana, ina da shari'a, ko za ka ɗauko min mai shaida?" Maƙwabcina ya aiko cewa in riƙa ɗiban ruwa. Na ce ya sha abinsa.

Ina Fassi. Na daina albasa, dawa nake yi a abin da ya rage, da rani in yi acaɓa. Baffa yana ɗakin zaurena, shekara biyu ke nan, har ya yi ƙiba. Ni nake kai masa tuwo. Ina gaishe shi, ba na zama.