Zuliha da Kwamfutar Ofishin Ruwa

Duk wanda ya ce mini Zuliha kasawa ta yi, sai mun ɓata. 'Yar Kura ce, ubanta manomin tumatir a bakin kanal. Ta gama makarantar koyon tafireta a Kano, ta dawo ofishin rabon ruwa tana buga takardu. Da aka kawo kwamfuta a 1988, maza suka riƙa kewaye ta kamar ramin maciji. Zuliha ce ta ja kujera ta zauna, har injiniyan da ya haɗa na'urar ya koya mata.

Ranar da zai tafi, injiniyan ya tambaya wa zai bar wa kalmar sirrin da ke buɗe ma'ajiyar manhajoji. Kowa ya juya ya dubi Alhaji Sammani, mai kula da sito. A ofishin nan duk abin da ake kira makulli, na sito ne ko na banɗaki, wurin wanda ya fi kowa furfura yake zama. Aka kai shi gefe aka raɗa masa, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Mutumin da ko rediyonsa sai an kama masa tasha!

Da rani ya kama, aka aiko faya-fayan sabuwar manhajar tsara rabon ruwa daga Kano, tare da gargaɗi: in ba a fara aiki da ita ba kafin shukar alkama, za a ɗauke na'urar. Zuliha ta san inda za ta koma in hakan ta faru.

Ta sa faifai. Ya yi ƙugi, ya tsaya, allo ya ce ba ta da izinin rubutu a wannan ma'ajiya. Ta zuba manhajar a nata ɓangaren, manhajar ta tashi kamar gaske, sai ta nemi abin da ke cikin ma'ajiyar da aka kulle, ta mutu. Ta kashe, ta kunna, ta hure faifan, har ta hau mota zuwa Kano, aka ce mata ai kalmar tana wurinku.

Ta samu Alhaji a ƙofar sito, ta durƙusa.

"Baba, don Allah kalmar nan."

"Amana ce, 'yata. So kike in tashi da ita a wuya ranar gobe ƙiyama?"

"To ka zo ka buga da hannunka, ni in juya baya."

Ya zo, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Zuliha ta fuskanci bango. Ita kalmar sirri ba ta fitowa a allo, saboda haka bai ga ɓarnar da yake yi ba, amma Zuliha tana ji: kowane harafi sai ya danne shi ya riƙe, kamar mai sa hannu da ɗan yatsa, harafin ya yi ta maimaita kansa. Na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Baba, taɓawa ake yi a ɗaga, ba a dannewa."

"Au! Leƙe kike yi ke nan?"

"Wallahi ji na yi."

"Ji? Yarinyar da aka yi sunanta a gabana ce za ta koya mini riƙon amana?"

Ya kaɗe riga ya fita. Ta aika kawunta ya ba shi haƙuri, ta kai wa Alhajin kwandon tumatir, ya karɓa ya sa albarka, amma bai ƙara taka ɗakin ba. Shugaban ofis kuwa cewa ya yi ba zai kunyata dattijo saboda ƙarfe ba.

Aka shuka alkama, mota ta zo daga Kano ɗaukar na'urar. Da direba ya ji kalmar tana cikin kan mutum ɗaya, ya ce to sai a haɗa da shi. Alhaji Sammani ya shige gidan gaban motar, an yi masa canjin aiki zuwa birni, har da ƙarin girma.

Takardar canjin ma Zuliha aka ba ta buga, a tsohuwar tafiretarta. A kan tafiretar nan ta yi ritaya.