Minti Bakwai da Na Ƙara wa Salisu

Bazarar bana ta cika shekara talatin da rasuwar ƙanena Salisu. Ya rasu yana da shekara ashirin da biyu, ranar da aka yi gudun tantance masu neman aikin kaki a nan Maraɗi, da guntun kati a hannunsa mai lamba ɗaya. Tsofaffin Sabon Gari da suka san shi, in aka ambace shi sai su ce, Allah Sarki, yaron nan da gudu ya kashe. Shekara talatin ke nan ina gyaɗa musu kai. Yanzu na haura sittin, na ajiye alli, ido ya fara gajiya, sai na ga gara in rubuta sauran maganar tun hannu yana iya riƙe alƙalami.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna yadda ƙasa take. An buɗe ƙofar jam'iyyu, kowace fadar hira ta rabu biyu, wa da ƙane sun daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda launin tuta. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga. Makarantu a rufe wata da watanni, mu malaman lakwal muna gindin bedi da rediyo muna gyara ƙasa da baki. A cikin wannan ruɗani Salisu ya rasa shekarar jarrabawarsa, ya gaji da jira, ya koma Jiratawa yana taya kawunmu ban ruwa a gonar albasa. Ran Juma'a in zai zo gaida Inna, mahaifiyarmu, ba ya tsayawa neman mota. Sai ya naɗe ƙafar wando ya taho da gudu, ya shigo gida yana dariya yana neman fura.

Da aka yi shelar ɗaukar sababbi a aikin kaki, ya dawo gida da kwana, shi ya fara kai takardunsa a unguwarmu. Ya ce mini kaki ba ya yajin aiki kuma ba ya jam'iyya, shi abin da yake so ke nan. Ba zan faɗi wane kaki ba ne, don ban zo ɗora wa kowa laifi ba. Ƙa'idar gudun a bayyane take. Kilomita takwas ne, a miƙa hanyar Tibiri a juyo, cikin minti arba'in. Duk wanda ya shigo kafin arba'in ta cika ya wuce zuwa jarrabawar rubutu da gwajin likita. Na ɗaya da na ɗari duk ɗaya suke, muddin sun shigo cikin lokaci. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin ni na san shi sarai tun ranar farko.

A gidanmu ni kaɗai ke da agogo, na ƙarfe mai sarƙa, wanda na saya da albashina na fari, kuma ina ji da shi kamar me. Ina da keke. Saboda haka aiki ya rabu da kansa: shi gudu, ni agogo. Kullum bayan sallar asuba mukan fita bakin gari, in ce masa tashi, in bi shi a baya ina taka keke a hankali ina jin ƙarar takalmansa na roba a kan titi.

Ranar farko, makonni kaɗan kafin azumi, ya shigo a minti talatin da tara. Ya dafa gwiwa yana haki, ya ɗago ido ya dube ni. Na dubi agogo, na tsuke fuska irin ta cikin aji, na ce masa arba'in da biyu.

Me ya sa? Na yi wa kaina wannan tambaya har ta gaji da ni. Haka aka rene mu, haka kuma na koyar. Ban taɓa bai wa ɗalibi maki cikakke ba, ko da bai kuskure ko ɗigo ba, sai na nemo abin da zan rage, don kada kansa ya kumbura. Babba ba ya yabon nasa a gaban idonsa. Inna kanta ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, balle ta ce na yi ƙoƙari. Mushe take ce mini, wato malam, kamar yadda yaran lakwal suke faɗa. Mun sha ji ana cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na kuma san Salisu da sakaci in ya ga abu ya zo masa da sauƙi. Na ce a raina, in na gaya masa ya kai, gobe barci zai yi. Minti uku ba komai ba ne, ranar gwaji zai gode mini.

Abin da ban lissafa ba shi ne yaron zai ƙara sauri. Bayan sallah ya sauko talatin da bakwai, ya sauko talatin da shida. Duk lokacin da ya rage minti, sai in ƙara minti, domin in na faɗi gaskiya yau, ta jiya za ta tonu. Da uku na fara, na ƙare ina ƙara masa bakwai. A makon ƙarshe yana yin talatin da huɗu, ni ina ce masa arba'in da ɗaya, saura ƙiris. Muna da alama tsakaninmu: in ya waigo ya dube ni cikin gudu, sai in ƙwanƙwasa gilashin agogo da yatsa sau biyu, ma'ana lokaci na tafiya.

Wata safiya ya zauna a bakin hanya yana zazzage yashi daga takalmi, ya ce mini, "Yaya, ni fa jikina na gaya mini na ƙara sauri." Na ce masa jiki ba agogo ba ne. Bai yi musu ba. Salisu bai taɓa neman in nuna masa fuskar agogon ba, ko sau ɗaya, domin bai taɓa zuwa masa a rai cewa yayansa zai yi masa ƙarya ba. Daga ranar ya ƙara wani gudun da yamma a kan bakin lambatun Jiratawa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, Inna ta riƙa yi masa faɗa a kan abinci. Dariyar ma ta ragu, na gani, na ce alamar ya ɗauki abin da gaske ne.

Ranar gwaji an tara su tun da duku-duku, samari fal fili, daga Tibiri, daga Jiratawa, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba. Aka ce motar da ke ɗauke da takardun sunaye ba ta iso ba. Aka jira. Hantsi ya yi, ya wuce, suna tsaye cikin rana ba mai yarda ya je neman ruwa kada a kira sunansa ba ya nan. Ba a busa usur ba sai da rana ta kusa tsakiya, a tsakiyar bazara, lokacin da ko jaki inuwa yake nema.

Na tsaya da kekena a kwanar ƙarshe, inda bai fi rabin kilomita ya rage ba. Na hango shi tun daga nesa, shi kaɗai, na biyu ma ba a ganinsa. Na dubi agogo: minti talatin da ɗaya. Ko tafiya ya koma yi da ƙafa zai shigo cikin lokaci. Leɓunansa sun yi fari, kansa yana ɗan karkata gefe, abin da ban taɓa gani ba. Da ya zo daidai ni, sai ya waigo ya dube ni, irin duban nan.

Da na ɗaga masa hannu na ce ya sassauta, da ya sassauta. Wallahi da ya sassauta, don bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma hannu ya yi abin da ya saba. Na ƙwanƙwasa agogo sau biyu. Na ga ya cije leɓe, ya buɗe ƙafa.

Kafin in kutsa cikin taro in kai gare shi, ya riga ya tsallake layi, an miƙa masa kati, ya zauna a ƙasa, ya kwanta. Wasu na yi masa fifita da riga, wani na kiran a kawo ruwa. Na durƙusa, ya gane ni, ya ce, "Yaya, na kai?" Na san amsa. Tun wata uku na san amsa. Amma sai na sunkuyar da kai na dubi agogo tukuna, kamar kullum. Da na ɗago na ce masa ka kai, idonsa ya riga ya juye. Aka kai shi gidan likita, bai farfaɗo ba, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Har yau ban sani ba ko ya ji ni.

Likita ya ce zafi ne da ƙishirwa suka fi ƙarfin zuciya. Malamai suka ce ajali ne, in ya yi kira ko babu ciwo sai an tafi. Duk na yarda, ban ja da ƙaddara ba. Ran sadakar uku wani dattijon ajidan, babba cikin masu kakin, ya zo ta'aziyya cikin kayan gida, shi ne ya riƙe agogon gwaji a ranar. Ya nemi ya gaida Inna daga bakin ƙofa. Don ya sanyaya mata rai, ya gaya mata ɗanta ne ya zo na ɗaya, a minti talatin da uku, da sauran bakwai cur a hannunsa, kuma shi bai taɓa ganin irin wannan ƙafa ba. Inna ta ce daga bayan labule, "To, mi yake ma sauri haka, tunda da sauran lokaci?"

Ni ina zaune a kan tabarma, ban fi taku uku da ita ba, na dubi ƙasa.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayansa. Ina jin ta wani lokaci tana gaya wa mata cewa Mushe ya yi wa ƙanensa abin da ko uba sai haka, kullum asuba yana bayansa da keke. Yabon da ba ta taɓa yi mini a ido ba, ga shi ina tsintarsa ta bayan katanga, kuma a kan abin da ya fi ci mini rai. Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyyar in faɗa, in ƙare da tambayar ciwon ƙafarta. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba. Ta tafi da tambayarta.

Nakan ce, da Salisu zai leƙo yau, me zai ce? Hanyar Tibiri da muke bi mu biyu sai kurciya, yanzu baburan 'yan kabu-kabu ba sa barin mutum ya tsallaka. Samari na fita gudu rukuni-rukuni in an kusa ɗaukar sababbi, har da 'yan mata, kowa da waya ɗaure a dantse tana gaya masa minti da taku ba ragi ba ƙari. Ina jin wannan ce za ta fi ba shi dariya, ya ce ashe an yi agogon da ba ya bukatar yaya. Kakin da ya ce ba ruwansa da siyasa kuwa, mun gan shi ya shiga fadar mulki ya fita, ya sake shiga. Wasu daga cikin waɗanda suka yi gudun tare da shi sun yi ritaya da jikoki, wasu an kai su daji ba su dawo ba. Akwai lokacin da nake lallashin kaina da wannan, in ce wa ya sani, ko da ya wuce ma wata rana ce ke jiransa a gaba. Lallashin ba ya kai ni ko'ina, domin waccan ranar ba ni ne zan ƙwanƙwasa mata agogo ba.

In na fito masallaci da asuba suka wuce ni da gudu, ba fuskokinsu nake dubawa ba. Ƙafa nake saurare. A cikin kowane rukuni akwai mai takalmin roba, kuma sai na ji kamar zai waigo. Jikokina sun san Kaka ba ya ɗaura agogo, suna tsokanata wai rowa ce. Tsohon agogon yana nan cikin gwangwani a ƙasan akwati, ya tsaya da kansa tun tuni, ban kai shi gyara ba.

Me ya rage na Salisu? Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Akwai mangwaro biyu da ya dasa a gonar kawu a Jiratawa, masu ban ruwa na shan inuwarsu ba su san mai su ba. Kabarinsa ma ya baje cikin sauran, nakan tsaya ne daga inda nake zato in yi addu'a. Abin da na san ya rage shi ne ɗaliban da suka bi ta hannuna bayansa. Da aka koma aji, yaron da ya ci duka na ba shi duka, na kuma gaya masa a gaban kowa cewa ya yi daidai. Abokan aiki suka ce Mushe Lawali ya yi sanyi tun rasuwar ƙanensa. Ban ga yaro ko ɗaya da yabo ya lalata ba cikin shekarun nan. Duk wanda ya ji madalla daga bakina, daga Salisu ya same ta, shi da bai samu ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Salisu, Ya shayar da shi ruwan da aka makara kawo masa, ni kuma Ya yafe mini. Inna, ga amsarki: ni yake wa sauri.

Kai kuma ƙanena, ranar farko talatin da tara ka yi. Tun kafin azumi ka kai. Sassauta.