Loma Goma a Tabarmar Ciyayya

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wani sabon ƙauye kusa da Tiga, jiri ya kwashe ni a gaban allo, na zube kamar buhun dawa. A lokacin ƙiba ta kai ni inda kekena ke kuka in na hau shi. Aka kai ni asibiti a Kano. Likita ya auna ni, ya ce hawan jini ne, kuma in ban rage jiki ba ɓarin jikina zai iya shanyewa. Abin da ya kashe mahaifina ke nan, don haka ban yi gardama ba.

Ya ba ni takarda mai jerin abinci, kowanne da lambarsa a gefe. Ya ce sunan abin kalori, wato ƙarfin da ke cikin abinci, wanda in ya fi abin da jiki ke ƙonawa sai ya zama kitse. Na zauna da matata muka mayar da lissafin zuwa abin da muka sani: koko ludayi uku da safe, fura ba sukari da rana, tuwon dare loma goma, man shanu kuwa sai dai in ji ƙanshinsa. Ranar kasuwar Kafin Maiyaki nakan hau sikelin masu sayen gyaɗa, mutane suna kallona kamar wanda ya zare.

Matsalar duk tana wajen ciyayya. Mutanen unguwarmu ruwan dam ne ya taso su daga tsohon garinsu. Gonaki sun tafi, gidaje sun tafi, amma cin tuwo tare bayan Magariba ba su bar shi a ƙarƙashin ruwa ba. Magidanta shida muke, kowa da kwanon gidansa, kuma dole ka sa hannu a kowanne, in ba haka ba ka raina matar wani. Sai na raba lomata goma a kwano shida, ina ƙirgawa a zuci, ina jan hira don kada a lura. Ban gaya wa kowa dalili ba. Ina ganin namiji ba ya tallar ciwonsa a bakin tabarma, balle malamin makaranta baƙo.

Dabara ta yi aiki. Kafin damina ta zagayo na zube sosai, jiri ya tafi, ina hawa tudun makaranta ba haki. Ni ina murna, ashe gari ya ɗauka.

Ba wanda ya ce mini komai, matata aka tasa a gaba. Wannan ta aiko mata da daddawa, waccan ta shigo wai za ta nuna mata yadda ake kaɗa miyar kuka. Matar da ko miyar kifinta maƙwabta ke ji daga bayan katanga! A gidan suna wata tsohuwa ta ce a gabanta, an kawo musu malam kamar bijimin sa, ga shi an mayar da shi kara. Daga ranar ta daina fita ko'ina. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Lokacin da nake numfashi da ƙyar kowa cewa yake na samu mace, yanzu da na samu lafiya an ce tana kashe ni da yunwa.

Wata rana na dawo na tarar ta ɗora tukunya tana hawaye.

Ta ce, “Malam, kai kake ramewa, ni ake zagi. Ko dai ka ci, ko ka faɗa musu gaskiya.”

Ci kam ba zan ci ba. Da yamma, da aka ajiye kwanuka, na dubi dattijon da ke zama a tsakiyarmu, wani tsohon masunci, na ce, “Baba, akwai maganar da na ɓoye muku.” Na faɗi komai, har da loma goma.

Baba ya ce, “Ashe ciwo ne, Malam? To Allah ya ba ka lafiya. Amma ka zalunci yarinyar nan.”

Na ce ai na warke, lafiyata ƙalau. Ba wanda ya saurari wannan ɓangaren.

Daga ranar na shiga uku. Mutum biyar suka koma ƙirga mini loma a fili. Ina kai ta goma, Baba zai janye kwano ya ce, “Ta cika.” Ko ranar Sallah ba sassauci. In na ɗauki fartanya a ce in ajiye. A hanya kowa “sannu Malam, ya jiki?” Ni da na fi shekara goma ban ji ƙarfi irin na lokacin ba. Shekara bakwai na yi a garin, ƙiba ba ta dawo ba, don ko na so ta dawo ba ta da ƙofa.

Mako biyu da maganar, matata ta ɗauko mayafinta ta tafi wani biki. Ta dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Na tambaye ta me ake cewa yanzu.

Ta ce, “Wai samun mai haƙuri irina sai an tona, ina jinyar miji ban taɓa faɗa wa kowa ba.”

Na ce, “Kin dai gaya musu lafiyata ƙalau ko?”

Ta ninke mayafinta a hankali, ta ce, “Malam, ka bar ni in ɗan sha yabon nan tukuna.”