Almakashin da Na Ƙwace a Hannun Likita

Na daɗe ina wanke kayan tiyatar ido a wani asibiti a Kafanchan. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na tsufa na koyi karatu a zumuntar mata ta coci. Amma hannuna ya san kayan nan.

Akwai wani ɗan almakashi, bai kai yatsana tsawo ba, bakinsa kamar ƙayar kifi. Biyu kawai muke da su. Ba a murza shi da soso, ba a jefa shi cikin sauran ƙarafa. In na wanke, sai in jiƙa 'yar auduga in gwada. In ya yanke tsaf, ya yi. In ya tauna, ba ya shiga idon mutum.

Wata safiya na shigo da tire, sai na ga sabon likitanmu, sa'an ɗana na biyu, yana yanka filasta da almakashin nan. Filasta fa! Ga wata tsohuwa daga Nok zaune a benci tana jiran a cire mata yanar ido, kuma ido ɗaya ne ya rage mata.

Na ƙwace a hannunsa.

Ya ce, "Mama, kin san da wa kike magana?"

Na ce, "Na sani, ɗana. Da mai yanka filasta."

Ya kira Sista babba. Ta ce in ba shi haƙuri, in dafa almakashin in mayar a tire, mutane na jira. Na ce haƙuri babu, almakashin kuma ba zai koma tire ba.

Ta ce, "Ke da ko lambar tire ba ki iya karantawa?"

Na ce, "Sista, miƙo auduga."

Na jiƙa, na yanka a gabansu. Ya tauna, zare ya maƙale a baki. Na sake, haka. Likita ya ce ai auduga ba ido ba ce.

Na ce, "To kwanta mu gwada a naka."

Sista ta juya baya, kafaɗarta na rawa don dariya. Ba wanda ya sake ce mini in mayar. Ɗayan almakashin yana hannun babban likita, sai da ya gama na wanke, na gwada, na dafa. Tsohuwar ta jira har rana ta yi tsaka, tana ta mita.

Washegari aka mayar da ni wankin zannuwan gado, wai ba ni da ladabi. Can na gama aikina.

Bayan sati biyu ina shanya, sai ga tsohuwar nan ba ɗan jagora, tana neman inda ake hawan keke. Ba ta san ni ba. Ta tsaya ta ce, "'Yar'uwa, zanen can na ƙarshe bai fita ba, ga tabo."

Na duba. Akwai tabon kuwa, ɗan mitsitsi. Na sauke na sake wankewa.

Haƙurin dai har yau ban ba likitan ba.