Musayar da Mushe ya yi saboda Isufu

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, malamin lakwal, wato makarantar boko, da duk Damagaram ke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, wanda ya koya wa samarin garin nan ƙwallon kwando tun ana ce mata wasan soja. Allah Ya jiƙansa. Jikanmu Bukar ne ya tono mini shi a wannan karon. Akwai wata ƙungiya ta ƙasar waje da yake mutuwar so, wai manyan 'yan wasanta sun watse ana sake gina ta. Kullum idonsa na kan salula: yau za a ba da wane a karɓi wane, gobe an ce ƙarya ce, jibi ana gardama ko sabon zai dace da sauran. Na ce masa, yaro, wannan surutun na sha shi a ƙofar gidana tun ba a haifi uwarka ba.

Lokacin samun 'yancin kai ne. Sojojin Faransa da ke cike wa Mushe ƙungiya suka tattara nasu ya nasu, wasu ma'aikata kuma aka yi musu canji zuwa Yamai. Waɗanda suka rage ba su isa shiga fili ba. Gari ya ɗauki zance, wasu na cewa zai ɗauko wani dogo daga Mirriya, wasu na cewa zai roƙi ƙungiyar ma'aikatan gidan waya aro. Shi kuwa sai ya hau kekensa ya nufi Kara-Kara.

A zamanin nan Kara-Kara unguwar da aka ware wa kutare ce, can bayan gari cikin duwatsu. Nan ya samo Isufu, saurayi mai fasa dutse, dogo, lafiyarsa ƙalau, iyayensa ne kawai ke da ciwon. To amma ƙwallon kwando ba da ƙafa ake buga ta ba, daga hannu sai hannu. Sani, ɗan wani attajiri Bakano na unguwar Zango, wanda ya fi kowa iya jefawa, ya ce shi ba zai caɓe ƙwallon da ta fito daga hannun Isufu ba, Mushe ya zaɓa, ko shi ko ɗan Kara-Kara. Sauran kuwa, duk wanda ya taɓa ƙwallon sai ka ga yana goge hannu a wando. Isufu yana gani.

Sai Mushe ya je gidan waya ya yi musaya. Ya ba su Sani sukutum, ya karɓi Kiyari, wani gajeren Babarbare mai rarraba wasiƙu da ba a taɓa ganin ya jefa ko ɗaya ba. Wayyo, ranar har kasuwa na sha dariya, ana cewa karatun Nasara ya juya wa mijina kai. Da na tambaye shi dalili, ya ce ya sha ganin Kiyari a Kara-Kara yana gaisawa da mutane hannu da hannu, har yana shan ruwan randarsu. "Mai jefawa zan koyar, Hadiza," in ji shi. "Wanda zai karɓa daga hannun Isufu nake nema."

Al'adar Mushe ce bayan motsa jiki a taru a zaurenmu a ci tuwona a faranti ɗaya. Ranar farko Isufu ya zo da kwanonsa daga gida, ya raɓe bakin ƙofa yana jira a zuba masa. Kiyari ya miƙe ya karɓi kwanon ya kife a gefe, ya jawo shi suka zauna gwiwa da gwiwa. Mushe ya sa hannu bai dubi kowa ba. Sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya, mutum guda ya tafi gida da yunwarsa, shi ma daga baya ya dawo don kansa. Kada in yi muku ƙarya, shekarar nan sun sha kashi, Sani ya yi ta zura musu yana murmushi. Sai a shekarun baya suka fara ɗaga kai.

Da Mushe na nan yau, na san da shi da Bukar za su kwana suna gardama kan salular nan, don shi ma uban musu ne. Tsayi da yawan zura ƙwallo ba za su dame shi ba. Zai tambaya ne ko sabon ɗan wasan akwai mai miƙa masa ƙwallo da zuciya ɗaya, kuma wa ke zama kusa da shi lokacin cin abinci. Daga nan zai ce Bukar ya raka shi Kara-Kara, inda jikan Isufu ya kafa kwando a jikin turken ƙarfe, yaran unguwar Birni da na Zango suna zuwa da ƙafarsu. Da ya ga wannan, wallahi sai ya yi hawaye, ya ce ƙura ce ta shiga idonsa.

Kofi ko ɗaya bai bar mana a gida ba, filin da suka yi wasa ma an gine shi. Amma da ciwon ajali ya kama shi, ya bar wasiyya cewa Isufu ne zai yi masa wanka. Wasu dangi suka fara gunaguni, Isufu ya tsaya a tsakar gida ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Ina daga ɗaki na ji muryar wani dattijo ta katse su. Sani ne, ya zama Alhaji, furfura ta cika masa gemu. Ya ɗauki buta ya ce, "Isufu, bismillah. Kai ka wanke shi, ni zan zuba maka ruwa."