Hancin Inna da Tukunyar Turare

Mahaifiyarmu turaren wuta da humra take haɗawa, tun kafin a haife ni. Inna muke ce mata. A gidanmu na unguwar Shamaki a Gombe komai ƙamshi yake, har littattafan makarantarmu. Idan ta ɗora tukunya ta zuba sukari da itacen hawi, ba ta auna komai da cokali. Ta sunkuya ta shaƙa sau ɗaya, ta ce a ƙara sandal, ko a rage wuta. Iyayen amare har daga Kumo suke aiko mata.

Wata damina mura ta kama ta, muka zaci irin wadda aka saba ce. Mura ta wuce, hanci ya ƙi buɗewa. Da ta kusanci tukunya sai atishawa, idanu su yi ja suna ruwa.

Ni aka aika unguwar Herwagana, kemis ɗin wata mata Inyamura da muka daɗe muna sayen magani a wurinta. Ta ba ni 'yan ƙananan ƙwayoyi. Atishawa ta tsaya, idanu suka daina ƙaiƙayi, amma hancin yana nan a toshe. Ga kuma barci da ƙwayoyin suke sa ta. Ranar nan da hantsi na dawo na tarar tsakar gida ta turnuƙe da baƙin hayaƙi, Inna tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana gyangyaɗi, turaren wata amarya ya ƙone ƙurmus a gabanta. Da na tashe ta, ba ta ma ji ƙaurin ba.

Na koma kemis. Wannan karon matar ta ɗauko wata 'yar kwalba ta fesawa a hanci, ta riƙe ta a hannu tukun.

"Ki gaya wa Mama, wannan na 'yan kwanaki ne kawai. Kada ta zarce da shi."

Na gaya mata. Inna ta fesa, ba a jima ba ta ja numfashi mai tsawo ta hanci, ta ce, "Alhamdu lillahi! Ashe haka duniya take?" Ranar har waƙa ta yi tana juya tukunya.

Ba ta ajiye kwalbar ba. Da farko safe da yamma, daga baya duk bayan salla, har ta kai tana ɗaure ta a bakin zani. Da ƙarfin maganin ya sake ta sai hancin ya rufe fiye da da. Mai kemis ta ƙi sake sayar mini, ta ce a kai Mama asibiti. Inna ta ce ai ba ita kaɗai ke da shago a Gombe ba, ta riƙa aika duk wanda ta samu Manawashi ko Tudun Wada.

Sai ta fara kirana bakin murhu. "Zo ki shinshina mini wannan. Ya yi?" Ni kuwa ban san ya yi ko bai yi ba, komai ƙamshi ne a wurina. Na ce ya yi. Bayan kwana biyu wata Hajiya, tsohuwar mai sayenta, ta dawo da kwalaben humra.

"Yaya, wannan ba hannunki ba ne. Ko kin ba yara ne suka haɗa?"

Inna ta karɓa ta ba ta haƙuri. Da matar ta fita, Inna ta buɗe kwalba ɗaya ta kai hanci, ta daɗe a haka, sannan ta rufe. Ta ce mini rabonta da jin ƙamshin komai tun kafin babbar salla, ko na miya.

Yayanmu ne ya matsa aka je asibiti. Likita ya haska cikin hancin, ya nemi ganin kwalbar, ya tambayi sana'arta. Ya ce maganin da ke buɗe mata hanci shi ne yanzu yake kumbura shi, saboda an daɗe ana fesawa. Tushen ciwon kuma hayaƙi da turare ne jikinta ya daina ɗauka.

"Mama, dole ki bar su duka biyun."

"Kwalbar na ji. Turaren fa, in bar shi in yi me?"

Ya rubuta wani maganin fesawa dabam, ya ce shi a hankali yake aiki, sai an yi haƙuri.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Da baki take numfashi, leɓɓanta suka tsattsage, kanta kullum yana sarawa. Matar da ba ta faɗa ta koma yi mana tsawa a kan tsintsiya. Sau ɗaya na same ta tana birkice akwatin yayanmu tana neman tsohuwar kwalbar da ya ɓoye, da ta gan ni ta zauna bakin gado.

A hankali hancin ya buɗe, ƙamshi ya dawo kaɗan kaɗan, ba kamar da ba. Ta kife tukwanen, ta koma sayar da atamfa a gida. Masu zuwa neman turare suka riƙa komawa, har suka daina zuwa.

Da aka sa ranar aurena, na ce za mu saya a kasuwa. Ta ce 'yarta ba za ta shiga ɗaki da turaren wata ba. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta yini a bakin murhu, mun yi magiya ta ƙi tashi. Turaren ya yi kyau, kowa ya faɗa. Ita kuwa washegari fuskarta ta kumbura, ƙirjinta yana ƙara idan ta ja numfashi. Ranar da aka kai ni tana kwance, ƙanwarta ce ta riƙe hannuna zuwa mota. Daga cikin ɗaki ta yi mini addu'a, da ƙyar nake jin muryarta.